Amsa: Sai an rubuta takarda kafin a loda kaya?

Malam, ka tambaya ko dole sai an rubuta yarjejeniya da masu kwashe kayan gida. A dokar Najeriya cinikin baki ma yana ɗaure mutum, wahalar ita ce kafa hujja gaban alƙali. Ni na ɗanɗana: ranar da muka tashi daga Tudun Wada zuwa Samaru, madubin sif ɗin uwargida ya tsage, direba ya rantse haka ya same shi. Ba takarda, ba shaida, sai haƙuri.

Ku rubuta kuɗin, har na 'yan dako, da jerin kaya, da wanda zai biya in an yi ɓarna. Ɗauki hoto kafin lodi, karɓi rasit. In suka ƙi biya, dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka damar kai kuka hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye.