Kaluluwa, Ciwon Hanta da Masu Tallar "Ƙara Garkuwar Jiki": Amsoshin Tambayoyinku

Daga wata uwa a Tudun Wada: "Ɗana mai shekara shida ya yi mura da ciwon maƙogwaro, sai ga 'yan ƙulli biyu a gefen wuyansa. Mai kemis ya ce in sayi kafso da wani maganin ruwa na ƙara garkuwar jiki. Kakarsa kuma ta ce a kai shi wurin wanzami a yi sakiya. Wanne zan bi?"

Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Ko ɗaya kada ki bi tukuna. Abin da kika taɓa kaluluwa ce, kuma da ita aka haife shi. Kowannenmu na da ɗaruruwanta a wuya da hammata da matsematsi, har cikin ƙirji da ciki, sai dai ba ta tasowa sai aiki ya same ta. Idan ƙwayar cuta ta shiga maƙogwaro, wasu ƙwayoyin garkuwa masu suna dendiritik sukan gutsuri wani ɓangarenta su kai kaluluwa mafi kusa, su nuna wa ƙwayoyin da ake kira T. Cikin dubbai, 'yan ƙalilan ne za su gane wannan baƙuwar. Su ne za su shiga hayayyafa babu ƙaƙƙautawa, su kuma zuga ƙwayoyin B su fara sarrafa sinadarin da ke kama cutar. Wannan cunkoson ne kike ji a ƙarƙashin yatsanki. Yaron da kaluluwarsa ta tashi saboda mura, garkuwarsa na kan aiki, to me za a ƙara mata? Kafso kuwa ba ya kashe bairos, kuma yawancin mura bairos ce.

Ki sa yatsu biyu ki murza a hankali. Idan tana da laushi, tana zamewa ƙarƙashin fata, ba ta kai santimita 2 ba, yaro yana ci yana wasa, ki ba ta mako biyu zuwa huɗu. Idan ta yi ja ta ɗau zafi, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ki kai shi asibiti, likita ya zaɓi maganin da ya dace. Wadda ba a wasa da ita ita ce mai tauri da ba ta motsi, ko wadda ta wuce wata guda tana ƙara girma, ko ta fito a ramin da ke saman ƙashin wuya, ko ta zo da rama da zufar dare. A ƙasarmu abin da aka fi tuhuma a nan shi ne tibi, domin yakan zauna a kaluluwar wuya ba tare da tari ba. Mu Zazzagawa ba mu da uzuri, ga cibiyar tibi da kuturta ta ƙasa a Saye, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kumburin muƙamuƙi mai saurin girma shi ma a garzaya da shi, don akwai kansar kaluluwa ta yara wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. A asibitin koyarwa na Shika, da siririyar allura ake zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba.

Ki ba Hajiya haƙuri kan sakiya. Kaluluwar tibi idan aka tsaga ta sai ta zama gyambo, askar da ta taɓa jinin wani kuma tana iya kawo ciwon hanta nau'in B, cutar da ke cikin tambaya ta gaba.

Daga wani matashi a Samaru: "Na je gwajin kafin aure aka ce ina da ciwon hanta nau'in B, alhali ko ciwon kai ba na yi. Wani a Facebook yana sayar da haɗin da ya ce yana wanke hanta, ya tayar da garkuwar jiki ta kashe cutar cikin wata uku, har da lambar NAFDAC. Kuɗinsa ya kusa na gwajin yawan bairos da likita ya rubuta mini. Ba zan iya biyun ba."

Ɗan'uwa, ka yi gwajin. Amma bari in faɗa maka dalili, don idan ban faɗa ba, wata mai zuwa wani mai tallar zai sake samun ka.

Hanta dabam take da kaluluwa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shigarta daga hanji yake zuwa, ɗauke da duk abin da ka ci, tuwo da daddawa da magani, da ɓurɓushin ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanjinka. Zauren gidan mai unguwa ke nan: baƙi na shiga wuni guda, kuma mai gadin da ke zare gora ga kowace baƙuwar fuska, gidan zai tarwatsa. Shi ya sa aka halicci hanta da kawaici. Ƙwayoyin Kupffer, masu sunan Bajamushen da ya fara kwatanta su a 1876, suna kwance a ƙananan hanyoyin jininta suna haɗiye datti, suna kuma fitar da sinadarai irin su IL-10 masu kwantar da sauran ƙwayoyin garkuwa. Ƙwayar T da aka nuna wa baƙo a kaluluwa takan fito da shirin yaƙi. Wadda aka nuna wa shi a hanta sau da yawa sanyi take yi, ko ta mutu. Har ta kai a 1969 Roy Calne da abokan aikinsa a Kambirij, Ingila, suka ba da rahoton cewa sun dasa wa aladu hantar wasu aladun, jiki ya karɓa ba tare da maganin danne garkuwa ba.

Wannan kawaicin ne cutarka ta fake da shi. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan 90 cikin 100 cutar takan zauna masa, amma babba idan ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa. Mai yiwuwa tun kana goye kake tare da ita. Kuma ba kai kaɗai ba ne, binciken ƙasa na 2018 ya gano ta a jinin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Najeriya.

Ga abin da mai tallar ba zai faɗa maka ba. Bairos ɗin kansa ba shi ne ke kashe ƙwayoyin hanta ba. Garkuwar jikinka ce ke kashe su idan ta farga ta kai hari, kuma harin da ba ya ƙarewa da nasara tabo yake bari, tabo kan tabo har hanta ta ƙandare. Don haka ko da gaske ne haɗin nasa yana "tayar da garkuwa", ba abin murna ba ne. A Indiya lokacin korona, likitoci sun yi ta samun masu kumburin hanta bayan shan wani tsiro, giloy, da aka yi ta tallatawa da irin wannan alkawarin. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya kuwa ba shaidar warkarwa ba ce. Juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Masu ba da shaida a bidiyo ma ba lallai ƙarya suke yi ba: wanda ya kamu yana babba, jikinsa kan kore ta cikin wata shida ko bai sha komai ba, sai haɗi ya kwashi yabon.

Abin saye shi ne sani. Gwajin ALT da AST (sinadaran da ke haurawa a jini idan hanta ta ji rauni) da ƙidayar ƙwayoyin daskarar da jini ba su kai na yawan bairos tsada ba, kuma da su likita ke lissafin ko tabo ya fara. A ƙara da gwajin ƙanjamau da na ƙoda da hoton ciki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta ce a fara magani idan akwai alamar tabo, ko idan bairos ya wuce 2,000 a ma'auni kuma ALT ta haura. Maganin, tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya ce a rana. Danne cutar yake yi, ba kasafai yake kawar da ita ba, kuma ba a dainawa da ka, don tana iya tasowa da ƙarfi. Idan aka ce ba ka buƙatarsa yanzu, ba sallama ba ce, ka riƙa komawa duk wata shida ko shekara kamar yadda aka tsara maka.

A kasuwa kuma ka daina duba araha wajen gyaɗa da masara. Wadda ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afalatoksin, ita da wannan bairos idan suka haɗu suna ninka haɗarin kansar hanta. Giya babu ita, aska da abin yankan farce kuma ka mallaki naka.

Aure ba ya fasuwa a kan wannan. A gwada amarya, idan ba ta da ita a yi mata rigakafi, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. 'Yan ɗakinku ma su je gwaji, musamman Mama.

Daga wata mai juna biyu a Sabon Gari: "Ina da nau'in B. Surukata ta ce jariri ba ya fita sai bayan suna, a bari sai lokacin a yi masa rigakafi. An kuma ce in tanadi wata allura mai tsada."

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Allurar farko cikin awa 24 ake son ta, kwana bakwai ya yi nisa, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Sauran suna cikin allurar mako 6 da 10 da 14. Mafi sauƙi ki haihu a asibiti, a yi masa kafin ku dawo gida, sai maganar fita ta mutu. Tun yanzu ki nemi gwajin yawan bairos, domin idan ya kai 200,000 akan sa uwa a kan tenofovir tun tana da cikin. Allura mai tsadar sunanta HBIG, sinadarin kama cutar ne da aka riga aka tanada, ƙari ce a kan rigakafin, ba madadinsa ba. Idan likitanki ya ce a saya, ki saya a inda ake ajiye ta cikin firji mai aiki, ki duba ranar lalacewarta, a ɗauko ta a kula mai ƙanƙara. Nono kuwa ki ba shi, babu laifi.