Kar ka ci bashin kyamara saboda fatalwar da ke fitowa a hoto

Wani ƙanena mai ɗaukar hoto a Tumfure nan Gombe ya turo min tambaya. Yace dillalan gidaje sun fara ba shi aiki, yana musu hoton HDR don falo ya fito tas kuma hasken taga bai ƙone ba, amma in ya haɗa hotunan sai yaga labule ya zama biyu, yaron da ya gifta ya fito kamar fatalwa, har wani dillali ya riƙe masa cikon kuɗinsa. Wai ya karɓi bashi ya sayi sabuwar kyamara?

Ƙanena don Allah kar ka ci bashin nan, wallahi kyamararka ba ta da laifi. Shi HDR ai hoto uku kake ɗauka a jere, ɗaya mai duhu a -2, ɗaya daidai a 0, ɗaya mai haske a +2, sannan manhaja ta haɗe su. To duk abin da ya motsa tsakanin na farko da na uku dole ya fito a wuri biyu ko uku, ko da kyamarar miliyan nawa ka ɗauka kuwa. Ka sayo sabuwa fatalwar na nan, ga mai bashi yana maka sallama duk ƙarshen wata.

Motsin iri biyu ne kuma maganinsu daban. Akwai rawar hannunka, wannan sai ka nemi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko wanda aka taɓa amfani da shi ne ya wadatar, ka sa kyamarar ta harba ukun da kanta a dannawa ɗaya. Sai motsin abin da ke gabanka, shi kam mai ƙafa uku baya hana shi. Kafin ka danna ka kashe fanka, ka ɗaure labule, ka roƙi mutanen gida su ɗan dakata minti biyu, hoton waje kuma ka fita da sassafe kafin iska ta taso, don lokacin hunturu ganyen dogonyaro baya tsayawa ko kaɗan, shi ya fi komai ɓata irin wannan aikin.

Wanda ka riga ka ɗauka ma bai lalace ba. Tun 2015 manhajar gyaran hoto ta Lightroom ke haɗa HDR, a nan wajen haɗawar akwai inda aka rubuta Deghost, wato goge fatalwa, mai mataki uku, ka fara da ƙaramin, in bai goge ba ka hau na tsakiya. Kar ka yi saurin zuwa na sama, saboda abin da yake yi shine ya cike gurbin daga hoto ɗaya kacal, sai wajen ya fito da ɗigo-ɗigo musamman in duhu ne. Photoshop ma yana da nashi, har ka zaɓi hoton da za a ɗauki mutumin daga ciki. Sai dai su biyun na kamfanin Adobe ne, haya ce duk wata, don haka ka raba kuɗin hayar da yawan gidajen da kake ɗauka a wata ka ɗora a farashi. In aikin bai kai ba tukuna akwai manhajar Luminance HDR kyauta ce.

Biki da suna kuma ka manta da hoto uku, ka ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, guda ɗaya ka ɗaga duhun a kwamfuta, amarya da ƙawayenta ba za su tsaya maka ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonka ma ba fatalwar bace, cikon da aka riƙe ne. Awannin da kake zama gaban kwamfuta kana gyara, ga kuɗin wuta ga man janareta, ina kyautata zaton ba ka sa su a farashinka, kai dai kuɗin zuwa ka ɗauka kake karɓa. Daga yau gyara na da kuɗinsa, ka karɓi rabi kafin ka fito daga shago, sannan ka tura samfuri mai tambarinka a kai, sai an cika ka saki na ainihin. Shi kuma dillalin nan ka gyara hotunan yau da dare, gobe ka kai masa da kanka ka nuna masa a waya ka karɓo cikonka.