Ɗan ƙwallo a Turai: saƙon Gaza a rigar ciki, tambarin caca a rigar sama

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan ƙwallo ne, shekarata 21, ina buga wa wata ƙungiya ta rukuni na biyu a gabashin Turai. Abin da ke faruwa a Gaza yana hana ni barci. Ina so in rubuta saƙo a singileti, in na ci ƙwallo in ɗaga jesi duniya ta gani. Sai dai a kwantiragina akwai sharaɗin ba zan nuna saƙon siyasa ko na addini a filin wasa ba, an fassara mini kuma na sa hannu. Wani ɗan'uwa ya ce alkawari da kafiri ba ya ɗaure Musulmi a irin wannan lokaci, wai yin shiru cin amana ne. Ni nake riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Jesinmu dai akwai sunan kamfanin caca a gaba, amma kowa haka yake sawa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka maka da alheri a kan wannan zafin zuciya. Taimakon wanda ake zalunta wajibi ne gwargwadon iko, wannan ba sai an tsaya kawo dalili ba.

Abin da ya sauya hukunci a tambayarka shi ne cewa an fassara maka sharaɗin, ka gane shi, ka sa hannu. Da a ce eja, wato wakilinka, ne ya tura maka takarda cikin yaren da ba ka ji, ya ce sa hannu a nan, da maganar ta bambanta. Tunda ka sani ka yarda, bai halatta ka karya shi da gangan ba. Ɗaga riga hanya ce ɗaya cikin hanyoyi masu yawa na nuna goyon baya, ba wajibi ba ce a karan kanta, cika alkawari kuwa wajibi ne.

Maganar ɗan'uwan naka tana yawo sosai a bakin matasa, shi ya sa zan daɗe a kanta. Muslim ya ruwaito daga Huzaifa ɗan Yaman cewa shi da mahaifinsa sun fito za su Madina, sai Ƙuraishawa suka tare su, suka ƙi sakinsu sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Manzon Allah (SAW) ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi 300 da 'yan kai, kowane takobi ana buƙatarsa. Manzon Allah ya ce su koma, za a cika wa Ƙuraishawa alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Ka lura, ɗana: alkawarin nan a tsare aka karɓe shi, waɗanda suka karɓa abokan gaba ne da makami a hannu, kuma abin da ya hana shi ne halartar Badar. Duk da haka aka cika. Ina ga takardar da ka sa wa hannu kana murna, da mutanen da suke biyanka albashi duk wata, ba su kuma ɗauki makami a kan kowa ba?

Masu wannan ra'ayi sukan kawo hadisin da ke cewa yaƙi yaudara ne. Imam Nawawi da ya zo sharhinsa ya kawo haɗuwar malamai a kan halaccin yaudara a yaƙi, sannan ya togace inda za a warware alkawari ko amana, ya ce wannan bai halatta ba. Kai da biza ka shiga ƙasar, biza kuwa amana ce. Aya ta 72 a Suratul Anfal ma a kan ainihin irin wannan hali ta yi magana: idan 'yan'uwanku suka nemi taimakonku a addini wajibi ne ku taimaka, sai dai a kan mutanen da akwai alkawari tsakaninku da su. Ban san yadda mutum zai karanta wannan aya ya kuma ce lokacin tsanani yana goge alkawari ba. Sannan ka tambayi kanka, in aka kore ka, shi mai ba ka fatawar zai kai buhun shinkafa gidanku?

Na san abin da ke ranka. Ka ga Muhammad Abu Trika, ɗan wasan Masar, a Kumasi ta Ghana a 2008, ya ci Sudan ya ɗaga riga an rubuta tausaya wa Gaza, alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi. Ka ga Frederic Kanoute a ƙungiyar Sevilla a watan Janairun 2009, shi ma ya yi irin haka, hukumar ƙwallon Sifaniya ta ci shi tarar Yuro 3,000. Muna yi musu kyakkyawan zato, Allah ya ba su ladan niyyarsu. Amma Kanoute a lokacin ya riga ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2007, ƙungiyarsa ba za ta iya rabuwa da shi ba. Kai in ka yi, mai yiwuwa ko gidan talabijin ɗaya ba zai haska ba, benci zai biyo baya, ƙannenka su sha wahalar.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, wanda shi ya fi damuna. Ka ce jesinku akwai sunan kamfanin caca, ka wuce shi da “kowa haka yake sawa”. Nan ne aka bar jaki ana dukan taiki. Sharaɗin yin shiru a fili hana ka wata hanya ya yi, bai sa ka aikata haram ba. Wannan kuwa ya mai da ƙirjinka allon tallan abin da Alƙur'ani ya jera shi da giya ya kira shi ƙazanta. Hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, shi ne dai ya togace sharaɗin da ya halatta haram. Kuma wa ke kallonka? Yaran unguwarku, waɗanda suke tsayawa a shagon caca da 'yar takarda mai tsawo a hannu, sun zuba kuɗin makaranta a kan wasa goma sha biyu, ɗaya ya yanke. Ɓarnar ta kai Hisbah a Kano ta rufe irin waɗannan shaguna a 2024. Su kansu Turawa sun fara ja da baya: Italiya da Sifaniya sun hana, ƙungiyoyin Firimiyar Ingila kuma sun amince a 2023 za su cire tambarin caca daga gaban jesi bayan kakar 2025/26.

Kanouten da kake sha'awa da wannan ya fara, a 2006 ya rufe tambarin kamfanin caca na 888.com da ke jesinsa. Hashim Amla na Afirka ta Kudu ya yi shekaru yana buga wa ƙasarsa kurket ba tare da tambarin giya a rigarsa ba, domin ya nema an ba shi. To kai ma ka nema, a rubuce, ta hannun ejanka, cikin ladabi, ba da ɓoye-ɓoye ba. In sun ƙi, ba zan ce ka ajiye aiki gobe ba, saboda halin gidanku. Ka sa jesin a wasa kana ƙinsa a zuciya, ka ƙi fitowa a hoton tallarsu, kada ka wallafa su a shafinka, ka nemi canjin ƙungiya, kuma kada ka sake sa hannu a kwantiragin da bai kare ka daga wannan ba. Sassauci ne na ɗan lokaci, kada ka shimfiɗa tabarma a kansa. Albashinka ladan wasa ne, halal ne in sha Allahu.

Kafin ka kai wannan buƙata, ka duba kanka. An yi wani ɗan wasa a Newcastle a 2013, ba sai na kira sunansa ba, ya ƙi sa jesi mai tambarin kamfanin bashin ruwa, sai jaridu suka fito da hotonsa a gidan caca, maganar ta mutu a nan. In akwai manhajar caca a wayarka, goge ta yau.

Gaza kuwa, ka ware wani abu daga albashinka duk wata ta hanyar da dokar ƙasar ta yarda da ita, ka dage da addu'a a sujada. In kwantiragin bai hana ka magana a shafinka ba, ka yi, da kalamanka kai, bayan wanda ya san dokar wurin ya duba. Kada ka tura bidiyon da ba ka ji abin da ake faɗa a ciki har ƙarshe ba. Yusuf Atal, lokacin yana ƙungiyar Nice, tura bidiyon wani mai wa'azi ya yi, kotun Faransa ta yanke masa ɗaurin talala na wata takwas da tarar Yuro 45,000 a Janairun 2024. Ka kuma sa dogon matsattsen wando a ƙarƙashin gajeren wandon wasa domin rufe al'aura, ka kira mahaifiyarka ka gaya mata duk abin da ka yanke kafin ta ji a bakin mutane.

Allah ne mafi sani.