Tambaya da Amsa: Sun haddace nahawu, amma alƙalami ya ƙi tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Shekarata biyu da fara koyarwa, bana aka ba ni Turanci a ajin ƙarshe na sakandare. Ɗalibaina 74. In na ce su faɗi ma'anar suna ko aikatau, sai su rera mini kamar waƙa, amma in na ce su rubuta wasiƙa, sai kowa ya yi tsuru-tsuru. Wasu sun haddace insha'i biyu ko uku daga littafi suna jiran su juye. Saura wata biyar WAEC. Shugaban makaranta ya ce in ajiye komai in kama tambayoyin jarrabawar shekarun baya, wani abokin aikina kuma ya ce kada in kuskura in yi Hausa a aji. Ta ina zan kama? Daga wata malama.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Wasiƙarki ta tuno mini da wata yarinya da na koyar tun ina ɗanyen malami. A jarrabawar gwaji na ce su rubuta wa kawunsu wasiƙa, su ba shi dalilai uku da suka sa suke son canja makaranta. Ita kuwa sai ta zubo mini shafi biyu cif kan ranar da ba za ta taɓa mantawa ba. Turanci tsaf, ko waƙafi bai goce ba, don haddacewa ta yi. Na duba sama na duba ƙasa, babu kawu, babu makaranta. Da na miƙa mata takardar ta ga makin, kuka ta fashe da shi, ni kuma na koma ofis jikina a sanyaye, don ni ne na ce musu su riƙa karanta samfurin insha'i, ban taɓa sa su rubuta nasu ba.

To, fara sanin inda makin yake kwance. Takarda ta biyu ta Turancin WAEC awa biyu ce, maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Insha'in ana son kalma 450, kuma hamsin ɗin nan kashi huɗu ne. Goma na amsa abin da aka tambaya, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsabtar rubutu, wato nahawu da ƙa'idar rubutu da alamomi. Wannan goman ta ƙarshe rabin maki ake zabtarewa a kowane kuskure, kin ga kuskure ashirin sun cinye ta ke nan, kuma yara da yawa tun a shafin farko suke rasa ta. Duk cikin wannan lissafi babu inda aka ce yaro ya faɗi ma'anar suna. Akwai dai 'yar tambaya a auna fahimta da ake neman sunan wani yanki na jimla da aikinsa, amma makinta bai kai a kashe zango guda a kanta ba.

Saboda haka su rubuta, kowane mako, ba fashi. Na san abin da za ki ce: wa zai duba littafi 74? Ba wanda zai iya, kuma wanda ya ce yana yi, sa hannu kawai yake yi. Ga yadda na riƙa yi. Rana ɗaya a mako, minti 15 na farkon darasi, kowa ya rubuta sakin layi ɗaya, jimla takwas zuwa goma, kan abin da ya sani: yadda ya makara, rigimar da aka yi a filin ƙwallo, abin da zai gyara in an ba shi makarantar. Sai in karɓi littafi 15 kacal, mako mai zuwa wasu 15, har kowa ya zagayo. Kuma kuskure iri ɗaya nake bi a mako. In makon lokutan aikatau ne, ko na ga an rubuta kalma ba daidai ba, ɗauke kai nake yi. Yaron da aka mayar masa da littafi ya yi ja-wur da jan biro ba ya karanta gyaran, rufewa yake yi ya cusa a jaka. Washegari sai in ɗora jimla biyar daga littattafansu a allo, ba suna, ajin ya gyara da kansa. Za ki ga mai jimlar ya sunkuyar da kai yana murmushi, kuma da wuya ya sake.

Maganar abokin aikinki kuwa, ban yarda da ita ba. Yawancin kurakuran yaranmu ba daƙiƙanci ba ne, Hausa ce ke magana da bakin Turanci. Mu muna cewa "Musa ya tafi", suna da wakilinsa tare, shi ya sa yaro ke rubuta "Musa he went". Muna shan magani, sai ya rubuta "drink" inda Bature ke cewa "take". Muna jin wari, sai ya kawo "hear". In kika yi ta jan layi ƙarƙashin waɗannan ba tare da kin nuna masa daga ina suka fito ba, zai gyara yau ya koma gobe. Ni raba allo nake yi biyu, Hausa a hagu, Turanci a dama, in tambaye su me ya ɓace a hanya. Minti biyar sun isa. Sauran darasin kuma Turanci zalla, don da yawansu ajinki ne kaɗai inda suke jin sa na minti 40 a jere.

Wannan dabara ta fi amfani a takarda ta uku, ta furuci, tambaya 60 cikin minti 45. Abin dariya, a Najeriya jarrabawar magana ce da ba wanda ke buɗe baki, zaɓar amsa kawai ake yi. Hausa wasali biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo, sai tagwai biyu. Turancin da ake gwadawa yana da 12 tilo da tagwai 8. Ba mu bambanta p da f, v kan koma b, kuma ba ma son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa muka mayar da "brush" buroshi. Ki ware minti biyar kullum kan sauti biyu masu rikitarwa, su faɗa da baki, su ga alamar a allo. Nan ne maki ya fi saurin tashi.

Taƙaitawa ita ce ramin da aka fi faɗawa. Yaro ya gano amsa, sai ya kwafo jimlar marubuci ɗungurungum, alhali kwafe kai tsaye ba ya samun maki, kuma dole amsa ta zo a cikakkiyar jimla, ba misalai ba ƙari. Ki ba su sakin layi daga jarida, su karanta sau biyu, su kife takardar, kowa ya faɗa wa na kusa da shi abin da aka ce a jimla ɗaya, sannan ya rubuta.

Shugabanki yana da rabin gaskiya, kada ki yi jayayya da shi a gaban mutane. Tambayoyin baya suna koya wa yaro fasalin jarrabawa da tseren agogo, ba sa koya masa harshe. Ki ɗauko batutuwan rubutun mako daga cikinsu tun yanzu, ki bar cikakken gwaji da agogo zuwa mako shida na ƙarshe, ki kai masa jadawalin a rubuce. Ki kuma nemi rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke sakawa a intanet, ki ga yadda ƙorafinsu ke maimaita kansa shekara bayan shekara.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya ci komai, Turanci ne kawai ya zo masa da D7. Ya maimaita aji ne? Daga wani uba.

AMSA: A'a, Alhaji, kada a ɓata masa shekara. Abin da jami'a ke nema kiredit ne, C6 zuwa sama, a darussa biyar har da Turanci. Yana iya zama jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, sai dai wasu kwasa-kwasan, musamman likitanci, sukan nemi zama ɗaya, don haka a duba ƙa'idar inda yake so tukuna. D7 na nufin kaɗan ya rage. A samo masa malamin da zai zauna ya karanta abin da ya rubuta da hannunsa, shafi ɗaya duk mako.