Kaza na iya tsokale wa yaro ido?

Kin tambaya ko akwai haɗari idan yara suna ɗaukar kajin gida suna wasa da su. Akwai, 'yar'uwa. Kaza tana saran duk abin da ke ƙyalli yana motsi, ido kuwa haka yake. Yaro ya fi shiga haɗari domin idan ya tsuguna, fuskarsa daidai bakinta take. A fi kiyaye kaza mai kwanci, da mai 'yan tsaki, da zakara mai faɗa.

Wajen ɗauka, a danne fukafukan da hannu biyu, a sa ta a hammata, kanta na kallon baya. Kada a kawo ta kusa da fuska.

Idan ta sara, kada a murza idon. Ƙarzanewa ce kawai? A wanke da ruwa mai tsabta. Amma in an ga jini a cikin ido, ko wani ruwa da ba hawaye ba yana tsiyaya, ko baƙin tsakiyar ya karkace, kada a wanke. A kifa ƙaramin kofi a kai ba tare da dannawa ba.

Ko wanne ne, a je wurin likitan ido a ranar, domin bakin kaza na ɗauke da ƙwayoyin cuta daga kashinta da ƙasa. Don Allah ban da ɗiga nono ko sa kwalli.