Shin Majalisar Ɗinkin Duniya tana yanka wa masu son ɓallewa ƙasa?

Tambaya: Barista, ƙanena ya shiga wani zauren WhatsApp, ana gaya musu ɓallewar Biyafara halastacciya ce, kuma duk yankin da ya tara sa hannun jama'a Majalisar Ɗinkin Duniya za ta ba shi ƙasarsa. Har kuɗi yake tura musu. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malam, ka hana shi sake tura ko sisi. Babu wani ofishi a Majalisar da ake kai takardar sa hannu a karɓo ƙasa. Wannan ƙaryar ta ishe ni, domin da ita ake yaudarar matasa kullum.

Masu yaɗa ta suna kafa hujja da ƙudurin Majalisar mai lamba 1514 na shekarar 1960, wanda ya ba al'ummomi 'yancin zaɓar makomarsu. Wannan kuwa kan ƙasashen da ke hannun 'yan mulkin mallaka yake magana. Sakin layi na 6 na ƙudurin ma cewa ya yi yunƙurin wargaza haɗin kan ƙasa ya saɓa wa manufofin Majalisar. Wannan ba sa karanta wa mutane! A 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa za a mutunta iyakokin da aka gada.

Kisan da aka yi wa Ibo a Arewa a 1966 gaskiya ne, kuma shi ne babbar hujjar Ojukwu, jagoran Biyafara, lokacin da ya ayyana ɓallewa ranar 30 ga Mayu 1967. Masana har yau suna jayayya kan ko zalunci irin wannan yana halasta ɓallewa. Amma ƙasashe 5 kacal suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Ba ta taɓa samun kujera a Majalisar ba har yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970.

Za su ce maka ga Sudan ta Kudu. To, gwamnatin Khartoum ce da kanta ta sa hannu a yarjejeniyar 2005, sannan aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2011. Eritiriya ma da yardar Habasha ta yi tata a 1993.

A Nijeriya sashe na 2 na tsarin mulkin 1999 ya ce ƙasar ba ta rabuwa. Sauya shi sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Ka kuma binciki wa yake tura wa kuɗin. In ƙungiya ce da kotu ta haramta, kamar IPOB mai fafutukar kafa Biyafara, wadda aka haramta tun 2017, za a iya tuhumarsa da tallafa wa ta'addanci, kuma shaidar tana nan a asusunsa na banki.