An ce zai samar min mahaɗai 1,000 cikin mako ɗaya, in biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin intanet da nake rubutu a kai game da wutar sola: faranti, batir, inbata da sauransu. Wata takwas ke nan da buɗe shi, na yi rubuce-rubuce kusan 40, amma in aka bincika a Google sai an kai shafi na uku ko na huɗu kafin a gan ni. Wani ya tuntuɓe ni ya ce rashin baklink ne matsalata, kuma in na biya shi zai samar min guda 1,000 cikin mako ɗaya. Shin in biya? In kuma a'a, ta wace hanya ake samun su?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Kada ka biya shi, ɗan'uwa. Amma fa a rabin maganarsa yana da gaskiya, kuma da wannan rabin ne irinsu ke kama mutane, don haka bari mu fara da shi.

Abin da ake kira baklink mahaɗi ne da ke zaune a shafin wani, wanda in an latsa shi zai kawo mutum naka shafin. A kan wannan aka gina Google tun asali. A 1996 Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fara wani aikin bincike da suka raɗa wa suna BackRub, saboda aikinsa shi ne bin diddigin mahaɗan da ke nuna kowane shafi. Dabarar ta yi kama da al'adar malaman jami'a: maƙalar da sauran masana suka yi ta kafa hujja da ita, ita ake ɗauka da muhimmanci. Suka ce to, shafin intanet ma haka, wanda ya sa maka mahaɗi tamkar ya tsaya maka shaida ne. A 1998 aikin ya zama kamfanin Google, lissafin kuma aka san shi da PageRank.

Sai dai lissafin bai taɓa zama ƙirgen kawuna ba, kuma a nan mai sayar maka ya yi shiru. Shaida tana da nauyi gwargwadon mai ba da ita. Shafin da shi ma manyan shafuka ke nunawa, mahaɗinsa ya fi na shafin da babu wanda ya san da zamansa. Sannan kowane shafi raba nauyinsa yake yi tsakanin mahaɗan da ke fita daga cikinsa. In ya nuna wurare biyar, kowa zai sami rabo mai kauri. In ya nuna wurare 500, abin da zai iso gare ka bai taka kara ya karya ba.

To, me mutumin nan zai kawo maka a kwana bakwai? Babu ɗan'adam da zai shawo kan masu shafuka 1,000 a mako guda. Manhaja ce za ta zagaya ta watsa adireshinka a wuraren sharhi na shafukan da masu su suka yi watsi da su, ta buɗe asusun bogi a dandali daban-daban ta liƙa shi a bayanin mai asusu, ta cusa shi a kundayen adireshi da ba mai buɗewa. In ya ɗan fi wayo, yana da tarin shafukansa na kansa da ya gina a kan tsofaffin adireshin da wa'adinsu ya ƙare ya saye, ya cika su da rubutun da ba kai ba gindi, a ciki ana tallar caca da magani da sola duk a wuri ɗaya. Shaidar zur ke nan, kuma Google ya fi shekara 20 yana fama da ita.

A Janairun 2005 injinan bincike na Google da Yahoo da MSN suka fito da alamar nofollow, wata 'yar kalma da ake sa wa a jikin mahaɗi don gaya wa injin bincike cewa mai shafin bai tsaya wa wurin da mahaɗin ya nufa ba. Saboda masu cika wuraren sharhi da talla aka yi ta, kuma yau yawancin wuraren sharhi da kansu suke maƙala ta. A Afrilun 2012 Google ya saki wani sauyi a lissafin bincikensa da ake kira Penguin, wanda ya durƙusar da shafuka masu yawa da suka hau sama da mahaɗan saye. A Satumbar 2016 aka shigar da shi cikin ainihin tsarin binciken, ya koma aiki a kowane lokaci, ya kuma fi karkata ga zubar da ƙimar mugun mahaɗi maimakon hukunta shafin gaba ɗaya. A Disambar 2022 kuma Google ya sanar cewa tsarinsa na SpamBrain yana gano masu saye da masu sayarwa. Saboda haka abin da ya fi yiwuwa ya same ka shi ne kuɗinka su tafi, matsayinka bai motsa ba. Mafi muni kuma, ma'aikacin Google ya duba shafin da idonsa ya sa maka takunkumi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa kuwa sai ka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya kana roƙon a cire, sannan ka nemi a sake duba ka.

Kada ka ɗauka ƙananan shafuka kawai abin ke ci. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗan saye da suka ɗora kantin J.C. Penney na Amurka a sahun farko na bincike iri-iri, Google ya yi ƙasa da shi. A Janairun 2012 Google ya rage matsayin shafin manhajarsa ta Chrome na tsawon kwana 60, saboda wani kamfen ɗin talla da aka biya masu rubutu ya saɓa wa dokarsa.

Na san zai nuna maka lamba, ya ce shafukansa DA 60 ne ko DR 70. DA ma'aunin kamfanin Moz ne, DR na kamfanin Ahrefs, hasashe ne nasu, Google ba ya aiki da ko ɗaya. Nasa ma'aunin na PageRank ya daina nuna wa jama'a tun 2016. Lambobin suna da amfani wajen kwatanta shafuka a gurguje, ni ma ina leƙa su, amma ana iya kumbura su da irin wannan shara da yake son sayar maka.

Yanzu ga aikin na gaske, kuma daga cikin gida zai fara. Buɗe rubuce-rubucenka 40, ka tambayi kanka tsakani da Allah: wanne ne a ciki wani marubuci zai buƙaci ya nuna don kafa hujja? Ban ga shafinka ba, amma na ga irinsa da yawa, kuma galibi kanun su ne "Mene ne inbata?" da "Amfanin wutar sola guda goma". Akwai ɗaruruwan irinsu, ba wanda zai bar na wani ya nuna naka. Mutane suna sa mahaɗi ne zuwa abin da ba za su iya samarwa da kansu cikin sauƙi ba: alƙaluma, gwaji, hoton da ya warware abu mai wuya, ko na'urar lissafi.

Ga misali daga fagenka. Batir mai bolt 12 da Ah 200 (ma'aunin cajin da yake ɗauka), a takarda yana ɗauke da Wh 2,400, wato 12 sau 200; Wh ɗaya shi ne wutar da kayan wat ɗaya ke ci a awa ɗaya. In na dalma ne, ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, saura Wh 1,200. Ka ɗora masa kayan da ke jan wat 100, lissafi ya ce awa 12, amma inbata ma tana cin nata rabon, don haka ba zai kai ba. Kowa na iya kwafo wannan lissafi. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne mutumin da ya ɗauki batir na gaske, ya yi kwana 30 yana rubuta ƙarfe nawa ya kunna, ƙarfe nawa inbata ta fara kuka, me aka jona, ranar an yi hadari ko an ƙwalla rana, sannan ya fitar da jadawalin tare da hoton mitarsa. Wannan shafi guda ya fi rubutu 20 na gama-gari jan mahaɗi, don duk mai rubutu a kan batir yana neman wurin da zai ce "ga wanda ya gwada".

Amma ba zai tallata kansa ba, sai ka kai shi. Bincika batun a Google, ka tattara shafukan da suka yi magana a kansa, musamman masu jerin wuraren ƙarin bayani. Latsa mahaɗansu. Za ka yi mamakin yawan waɗanda suka mutu, suna nuna kuskuren 404. Wannan ita ce ƙofarka. Ka rubuta wa mai shafin gajeren saƙo, kamar haka: "Barka da aiki. Ina karanta rubutunka a kan zaɓen batir, sai na ga mahaɗi na biyu a sakin layi na huɗu ya daina aiki. Ina da gwajin kwana 30 da na yi a kan wannan batu, ga shi, ko zai iya maye gurbin. In bai dace ba babu komai, na dai ga ya kamata ka sani." Shi ke nan. Ba kirari, ba dogon tarihin kanka. Ka nuna masa ka karanta aikinsa, ka kuma yi masa amfani kafin ka roƙa. Yawancinsu ba za su amsa ba, kada ranka ya ɓaci. Tuni sau ɗaya bayan mako ya isa, na uku ya zama naci.

Akwai kuma na kusa da mutum ke mantawa da su: masu haɗa sola da kuke hulɗa, kamfanin da kake sayen kaya wurinsa in yana da jerin abokan hulɗa, ƙungiyar masu sana'ar, makarantar da ka taɓa koyarwa. Da wanda ya ambaci sunan shafinka bai sa mahaɗi ba, wannan layi ɗaya ya ishe shi. 'Yan jarida ma kullum suna neman wanda ya san batu ya yi musu bayani a sauƙaƙe. Rubuta wa wani shafi maƙala a matsayin baƙo ba laifi, muddin shafin yana da masu karatu na gaske kuma maƙalar za ta iya tsayawa da ƙafarta. In ya zama rubutu ɗaya ake jujjuyawa ana rarrabawa wurare 50, an koma gidan jiya. Haka "sa min in sa maka": tsakanin shafuka biyu masu alaƙa abu ne da ke faruwa, in ya zama sana'a Google ya lissafa shi cikin maguɗi. Talla kuwa halal ce a wurinsa, sharaɗin kawai a yi wa mahaɗin alamar sponsored, wadda ya fito da ita a Satumbar 2019, ko nofollow.

Kafin ka bi kowane mahaɗi, duba ko shafin yana da alaƙa da batunka, ko mahaɗin zai zauna a tsakiyar rubutu ne ko can ƙasa cikin tarkace, sannan ko mutum mai rai zai latsa shi. Kada kuma ka matsa sai an rubuta wasu kalmomi na musamman a jikinsa. Kalmomin jikin mahaɗi suna da tasiri, har ta kai a 2003 masu barkwanci suka haɗa baki suka sa shafin tarihin George W. Bush, shugaban Amurka na lokacin, ya zo na farko in an bincika wasu kalmomin zagi, sai a 2007 Google ya toshe dabarar. Don haka in mahaɗai 200 duk suka zo da "batirin sola mafi inganci" harafi da harafi, kowa ya san haɗa baki aka yi. Bar mai rubutu ya kira ka yadda bakinsa ya kawo.

Mahaɗan Wikipedia zuwa waje nofollow ne tun 2007, na yawancin kafafen sada zumunta ma haka, don haka kada ka ɓata dare kana cusa adireshinka a can don matsayi. Amfaninsu shi ne kawo mutane, cikin mutanen kuma wani marubuci ne.

Ban yarda ma cewa mahaɗi ne kaɗai matsalarka ba. Wata takwas ƙuruciya ce a wannan harka, kuma ma'aikatan Google da kansu sun sha faɗa a 'yan shekarun nan cewa mahaɗai ba su da nauyin da suke da shi a da. Wataƙila kana kokawa ne da manyan shafuka a kan kalma mai faɗi kamar "sola", alhali tambaya ƙunƙuntacciya irin "me ya sa inbata ke ƙara da daddare" tana nan ba mai amsa ta da kyau. Wataƙila kuma rubuce-rubucenka ba sa nuna juna, wannan kuwa mahaɗi ne da ke hannunka kyauta.

Yau da daddare ka buɗe Search Console, kayan aikin da Google ya tanadar wa masu shafuka, kyauta ne. Tabbatar duka shafukanka 40 sun shiga kundin Google, duba sashen takunkumi ka ga babu komai, sannan ka shiga rahoton mahaɗai ka ga wa ke nuna ka yanzu, da wane rubutu ya fi ja. In ka tarar da wasu baƙin shafuka na shara a jerin, kada hankalinka ya tashi, kusan kowa yana da su kuma Google yakan yi watsi da su. Kayan aikin barranta daga mahaɗai (wato gaya wa Google kada ya lissafa su) da ya fitar a Oktobar 2012 na wanda ya sayi mahaɗai ne har takunkumi ya hau shi ko yake gab da hawa, kai kuwa ba ka saya ba tukuna. Daga nan sai ka nemo littafin rubutu da mita, ka fara ƙirga kwana 30 ɗin batirinka.